Asibitin haƙorin da muka kai 'yata tana da kwana 9 a duniya

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan abin, yau dai yarinya ta yi barci da wuri na ce bari in zauna, don tun lokacin mata uku suka tambaye ni ina muka kai ta kuma ya wajen yake. 'Yata da haƙori aka haife ta, guda biyu, na gaba a ƙasa. Nas ɗin da ta karɓi haihuwar ce ta fara gani tana goge ta, ta ce Hajiya kin ga 'yarki ta zo da guzurinta, ni lokacin ko gane me take nufi ban yi ba saboda wahala, sai da aka sa min ita a nono na ji abu kamar an yanke ni da reza.

Kafin a yi suna maganar ta gama dangi. Wata ta ce alamar arziki ne, wata ta ce a'a a dai yi ta addu'a, akwai wadda ta zo barka ta ƙi ɗaukarta sai leƙe take daga nesa, wallahi har yau abin yana min ciwo in na tuna. Hajiyarsu maigidan kuma ta ce ba wani abu ba ne, in wanzami ya zo aski ya cire su kawai a huta. Innata ce ta tsaya kai da fata ta ce ba wanda zai sa ƙarfe a bakin jaririya a tsakar gida. Ni kuma a tsakiya, kan nono ya tsage, yarinya in ta kama sai ta saki ta fashe da kuka, da muka ɗaga harshenta muka ga wani farin gyambo a ƙasansa daidai inda haƙorin yake gogawa. Ranar kwana 9 Abbanta ya ce a shirya, ba za a jira arba'in ba.

Wajen ƙaramin asibitin haƙori ne na kuɗi a nan Kano, a saman bene yake, ƙasansa shaguna. Abu na farko da zan faɗa kenan ma, benen. Mai jego da ɗinki tana hawa matattakala ba abin dafawa a gefe ɗaya, ban san ya tsofaffi suke yi ba. Falon jira kuma benci biyu ne da kujerun roba, fanka ɗaya, ba labule ba wani lungu da mace za ta shayar, dole na juya baya ga bango na rufa da hijabi ga maza zaune suna riƙe da kumatu. Yarinyar da ke kan teburin kati ba ta da fara'a ko kaɗan, na ce mata jaririya ce ta ce jaririya kuma a asibitin haƙori? kamar mun zo wasa. POS ɗinsu bai yi ba, taransifa ma sai da aka jira alat ya shigo kafin ta rubuta katin. Mun fi awa ɗaya a zaune alhali mutum huɗu ne kawai a gabanmu. Kuɗin katin dai ba yawa, bai kai kuɗin gwangwanin madarar jarirai ba.

Amma muna shiga wajen likita komai ya canza. Mace ce, ba ta manyanta sosai ba, ta wanke hannu a gabanmu ta sa safa sabuwa, ta ce min sannu mai jego, ya ƙarfin jiki, sannan ta ce in zauna in kwantar da yarinyar a cinyata kanta ya koma cinyar ita likitar. Da yatsa da ɗan haske kawai ta duba. Ta taɓa na dama ya yi lilo kamar zai faɗo, ta taɓa na hagu yana nan daram sai ɗan motsi kaɗan. Hajiya da ta biyo mu ta ce likita a cire duka mana, sai ta ce Mama ki yi haƙuri ki ba ni minti biyar in miki bayani, in kin ji sai mu yanke shawara tare. Wannan ladabin shi ya sayi Hajiya.

Bayanin da ta yi shi ne abin da ya sa nake ganin kuɗinmu bai tafi a banza ba. Ta ce abin ba baƙo ba ne a wajensu, a cikin haihuwa 2,000 zuwa 3,000 akan samu ɗaya, kuma kusan kullum na gaba ne a ƙasa kamar na 'yata, wasu ma ba da shi ake haifarsu ba sai ya ɓullo cikin kwana 30 na farko. Ta ce mafi yawansu ba ƙarin haƙora ba ne a kan waɗanda yaro zai yi, ainihin haƙoran yarintar ne suka yi gaggawar fitowa tun saiwarsu ba ta gama haɗuwa ba, shi ya sa suke girgiɗi kuma launinsu yake ɗan ja-ja ko rawaya. Wato in aka cire, ba wani da zai fito a gurbin sai na girma, shi kuma sai wajen shekara 6 zuwa 7 lokacin famfara. To don me za a cire wanda yake tsaye lafiya a bar yarinya da giɓi biyu tsawon shekara shida? Na daman ne ta ce dole ya fita, don yadda yake lilo zai iya ɓallewa tana cikin tsotso ya wuce mata hanyar numfashi. Na hagun za ta goge kaifinsa kawai don ya daina yankar harshe da nono.

Sai ta tambayi katin haihuwa. Mun baro shi a gida. Ta ce ba za ta taɓa komai ba sai ta gani ko an yi wa yarinyar allurar bitamin K ranar da aka haife ta, domin jariri a kwanaki goma na farko jininsa bai cika daskarewa da kyau ba, ƙaramin yanka ma zai iya ta zubar da jini. Gaskiya raina ya ɓaci a lokacin, na ce a zuciyata bayan duk wannan jiran, Abbanta ya sauka ya hau adaidaita ya koma gida cikin rana ya dawo da katin. An yi allurar, ga shi a rubuce. Ina zaune ina jiransa ne tunanin wanzamin nan ya faɗo min, da an bi ta Hajiya ranar suna waye zai tambayi wani kati, jikina sai da ya yi sanyi.

Cirewar ba ta kai minti uku ba. Ta sa ɗan maganin kashe zafi, ta kama shi da auduga da wani ƙaramin ƙarfe ya fito, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa ba saiwa ko kaɗan, sannan ta ɗan kankare cikin ramin ta ce in an bar ragowar naman wani abu zai iya sake tsirowa a wajen. Ta danna auduga na ɗan lokaci, ta ce in sa ta a nono nan take a cikin ofishinta, ta juya wa Abbanta kujera ta ja labule. Yarinya ta kama ta yi shiru. Gyambon harshen bai yi sati biyu ba ya warke, ba a ba mu wani magani mai yawa ba ma.

Inda suka gaza a ranar shi ne hoto. Likita ta so a ɗauki hoton dasashin don a tabbatar ko na hagun na ainihi ne ko ƙari, aka ce injin ya lalace, mu dawo. Mun dawo bayan sati uku har yanzu bai gyaru ba kuma ba wanda ya kira mu ya faɗa mana duk da sun karɓi lamba. Ƙarshe dai lokaci ne ya ba mu amsa, tunda ba wani da ya sake fitowa a wajen.

Mun koma tana da wata 7, lokacin na sama sun fara ɓullowa, ga zazzaɓi mai zafi ga gudawa, kowa a gida yana cewa haƙori ne a bar ta, wata maƙwabciya har ta kawo min wani garin maganin haƙori a leda ba suna ba komai. Likitar ta ce min fitar haƙori yana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da rigima, jiki ya ɗan yi ɗumi, amma zazzaɓi irin wannan da gudawa ba aikin haƙori ba ne, lokacin ne dai yaro yake fara rarrafe yana kai komai baki. Ko kuɗin ganin likita ba ta karɓa ba ta ce mu wuce asibitin yara yanzu, aka gwada aka samu maleriya. Garin maganin kuwa ta ce in zubar, ta tuna min da My Pikin, maganin fitar haƙorin nan na 2008 da ya kashe yara 84 a ƙasar nan saboda gubar da ta shiga cikinsa har NAFDAC ta rufe kamfanin. Ta ce yatsa mai tsabta ko tsumma mai sanyi a goga a dasashi ya isa, kuma kar in sa zuma a bakinta sai ta cika shekara, ni da nake shirin yi don haka aka yi mana.

Ita ta koya min wanke bakin ma, ta ce daga haƙori ɗaya ake farawa, buroshi mai laushi na yara da man goge baki mai fulorayid ɗan ɗigo kamar ƙwayar shinkafa, safe da dare, in ta kai shekara 3 a ƙara ya kai girman ƙwayar wake ƙarama. Ta ja min kunne sosai a kan kwantar da yaro da fida a baki, musamman in shayi ne ko lemo mai suga, wai mafi yawan yaran da ake kawo mata da haƙoran gaba sun yi baƙi sun rududduge daga nan ne. Na hagun 'yata kuma ta ce a fi kula da shi don irinsu ɓawonsu ba shi da ƙwari. Haƙoran yarinta 20 ne gaba ɗaya, sukan cika wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, na 'yata 19 za su zama.

In za a ce in ba su maki, likita biyar cikin biyar, teburin kati da falon jira biyu ma na yi musu kara. Wadda za ta je ta tafi da katin haihuwa da tsabar kuɗi da babban hijabi, kuma ta je da sassafe kafin layi. Yanzu yarinyar tana da shekara ɗaya da wata biyu, haƙoranta bakwai, in ta yi dariya giɓin nan yana nan a gefen dama, Hajiya da kanta take kiranta mai wushirya. Wata mai zuwa za mu koma a duba na hagun don na ga kamar bakinsa ya ɗan ƙara rawaya, zan ga ko sun gyara injin hoton.