Maratayin makullai mai fentin hannu a Marwa: a juya bayansa kafin a biya

A Marwa, da ke arewacin Kamaru, hannu biyu ne ke haɗuwa a kan maratayin makullai na bango. Kafinta ya yanka allon ya goge, mai zanen allunan shaguna ya ɗora fenti. Girman da ya fi dacewa da gida shi ne tsawon santimita 30, faɗin 12, da ƙugiya biyar, tazarar santimita 5 tsakanin kowace biyu. A wajen zane babu abin kushewa. Masu fentin nan hannunsu ya faɗa, ko dagi aka ce su yi, ko zanen ƙwarya, ko raƙumin dawa irin na dajin Waza, ko tsaunin Rumsiki, za su fitar da shi tsaf. Aibun da ake samu kusan duk a ƙarƙashin fentin yake.

Katako ne farkon abin dubawa. Yawancin falankin da ke kasuwa daga kudancin Kamaru yake zuwa, kuma mafi araha shi ne ayus, fari mara nauyi. Yana shan fenti da kyau, amma laushinsa ya yi yawa: ƙugiya mai murɗi takan saki bayan an daɗe ana rataya mata tarin makullan shago, ga shi gara na son sa. Sapeli ko maɗaci sun fi shi riƙe ƙugiya nesa ba kusa ba, ƙarin kuɗinsu a kan ɗan allo kamar wannan kuma bai taka kara ya karya ba. Kauri kada ya gaza milimita 15. Wanda bai kai haka ba, tsinin ƙugiya zai ɓullo ta baya ya kankare bango.

Sai bushewa, kuma nan ne aka fi yin asara. Falankin da ya taho daga ƙasa mai laima yana ɗauke da ruwa a cikinsa. In aka yi masa fenti a watan Satumba, da hunturu ya kama a Disamba sai ya tsuke, ya lanƙwashe, fentin ya tsage bin tsawon jijiyar katakon. A ɗora allon a kan tebur a danna kusurwoyinsa. In yana rawa, ya riga ya fara karkacewa. Bayan allon ma yana bukatar shafi ko da ɗaya ne, domin in fuska ɗaya kaɗai aka rufe, ɗayar ce za ta riƙa shan laimar damina tana fitarwa da rani, allon ya yi ta gantsarewa. Masu yi da yawa ba sa shafa bayan, don mai saye ba ya juyawa.

Aikin da ya cika ga yadda yake tafiya. A goge da sanfefa mai lamba 120, a bi da 220, a share ƙura da ɗan tsumma. A yi shafin fari ɗaya na share fage, ya bushe, a sake gogewa sama-sama. Sannan launin da zane zai hau kansa, shafi biyu marasa kauri, sannan zane da ƙaramin buroshi. Fentin ruwa yana bushewa cikin awa ɗaya ko biyu a zafin Marwa. Fentin mai kuwa sai ya kwana tsakanin shafi da shafi, kuma wanda ya yi gaggawa ya ɗora na biyu a kan ɗanye, saman zai yi tamoji. Haka wanda ya shanya shi a rana tsaka ta watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40: fatar sama ta bushe, ciki na nan danƙo. Wasu kuma suna tsinka fentin mai da kananzir don ya yi auki. Irin wannan ƙyallinsa yakan dushe, ya daɗe yana kama yatsa, ƙurar hunturu ta manne masa. A danna farce a gefen allon. In ya bar shaida, a ajiye shi.

Shafin ƙarshe na ruwan ƙyalli, wanda kafintoci ke kira berni, biyu ya kamata. Berni mai mai yana mayar da fari ya zama ruwan ƙwai da tafiyar lokaci, don haka zane mai fari da shuɗi ya fi son na ruwa.

Wani kuskuren kuma na tsari ne, kuma abin takaici ne ganin zane mai kyau ya lalace ta hanyarsa. Ana dasa ƙugiyoyi a tsakiyar zanen, makullai su yi ta lilo suna karce shi. Ƙugiya wurinta santimita 2 daga gefen ƙasa, yadda makullan za su sauka ƙasa da allon. A fara huda ramin milimita 2 kafin a murɗa ƙugiya mai kaurin 3, in ba haka ba katako mai tauri zai dare.

Marataya a baya ta zama biyu, hagu da dama. Guda ɗaya a tsakiya tana sa allon ya karkata duk lokacin da aka ɗauke makulli daga gefe. A bangon siminti, ramin milimita 6 da robar bango, wadda ake cusawa a ramin don ta riƙe ƙusa mai murɗi, sun isa. Bangon ƙasa ba ya riƙe roba, sai a dasa guntun katako a ciki a ɗaure a kansa. A sa shi sama da inda hannun yara ke kaiwa, kuma ba inda mai wucewa zai hango ta taga ko ta ƙofar zaure ba.

Wanda aka riga aka gama aka baje a rumfa, a saye shi bayan an juya bayansa an kuma girgiza kowace ƙugiya. Amma yin oda ya fi, ana faɗa wa kafinta tun farko: "Malam, sapeli busasshe, fenti gaba da baya, ƙugiya a ƙasa." A ba shi mako guda, kada a matsa masa ya kawo gobe.