Filastar homon ta raba ni da gumin dare, gam ɗinta ya haɗa ni da ƙaiƙayi

Shekarata 52, al'ada ta ɗauke mini kusan shekara biyu ke nan. Gumin dare ne ya kai ni wurin likita: in farka tsakar dare rigar barci sharkaf kamar an sheƙa mini ruwa. Ta rubuta mini filastar estiradiyol, wato homon (sinadarin jiki) na mata da ke raguwa in al'ada ta ɗauke, mai sakin maikurogiram 50 a rana, wadda ake liƙawa ƙasa da ƙugu a canza sau biyu a mako, ta haɗa mini da ƙwayar furojestaron, wani homon da ke kare mahaifa, tunda ba a cire mini tawa ba.

Aiki kam filastar ta yi, ba zan ci haƙƙinta ba. Cikin mako uku barci ya dawo, kuma ko wanka ba ya ɓamɓare ta.

A wata na biyu ne abin ya ɓaci. Ina cire ta sai in tarar da jan tambari daidai girmanta, har da kusurwoyinta. Na ɗauka zafin ɓarewa ne. To amma jan da ɓarewa ke bari kwana ɗaya ko biyu yake ya baje, nawa kuwa sai bayan kwana biyu ma yake ƙara tashi, da 'yan ƙuraje masu ruwa, ya zarce inda filastar ta zauna. Ga ƙaiƙayin da ke sa mutum ya manta yana gaban jama'a. Abin da ya fi tayar mini da hankali, tsofaffin wuraren da suka riga suka warke su ma suka sake yin ja.

Na koma na ce, "Likita, jikina dai ya ƙi homon ɗin nan." Ta ce hakan na faruwa amma da wuya, don irinsa jikin mace ke yi da kansa, an fi samun laifin a sauran kayan haɗin, kamar gam. Likitan fata ya liƙa mini 'yan faifai a baya, kowanne da sinadarinsa, don a gano wanda fatata ta ƙi, na yi awa 48 ban jiƙa wurin ba, aka duba, aka sake dubawa a kwana na huɗu. Wuri ɗaya ne ya kumbura: akirilet, dangin gam ɗin da ke jikin filastar tawa.

Yanzu jel ɗin estiradiyol nake shafawa a cinya kullum da safe, mai ƙarfin kashi 0.06 cikin ɗari. Akwai sifirit a ciki, don haka yakan ɗan yi raɗaɗi in fata ta bushe, sai na jira kamar minti 5 kafin in sa tufa, kuma ba na ɗaukar jikata sai na wanke hannu, kada homon ya shafe ta. Ya fi filasta ɗawainiya, amma wata huɗu ke nan ba ƙurji ko ɗaya.

Ƙorafina ga masu filastar shi ne inda suka ɓoye jerin kayan haɗin: can ƙarshen takardar cikin kwali, da rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi. Sai da na sa tabarau na matsa bakin taga kafin in gano kalmar akirilet a layi na biyu daga ƙasa.