Wanda ya gani da wanda ya ji: John White ko De Bry?

A 1585 John White ya bi tawagar Ingila zuwa tsibirin Roanoke, a gaɓar jihar Karolina ta Arewa ta Amurka a yau. Da fentin ruwa ya zana 'yan asalin ƙasar na garuruwan Secoton da Pomeiooc: masunta a kwalekwale, gonakin masara, da matar wani shugaba tare da 'yarta mai riƙe da 'yar tsana ta Turawa. Abin da idonsa ya gani ya zana, ko da yake idon ɗan mulkin mallaka ne mai son nuna wa masu kuɗi cewa ƙasar tana da albarka.

Theodor de Bry kuwa bai taɓa taka Amurka ba. A Frankfurt ya zauna, ya sassaƙa zanen White a farantin tagulla, ya buga a 1590 cikin Latin, Turanci, Faransanci da Jamusanci. Sai dai ya sauya wasu abubuwa: ya ƙara wa mutanen damatsa, ya tsai da su kamar gumakan Girka, ya cika bayansu da shimfiɗar ƙasa. A 1592 ma ya fito da na Brazil, cike da hotunan cin naman mutane.

Mai neman sanin sutura da gidajen mutanen, ya nufi White. Zanensa yana Gidan Tarihin Birtaniya tun 1866. Amma na De Bry ne ya zagaye Turai, shi aka yi ta kwaikwayo shekara da shekaru, yayin da na White ke ɓoye a hannun 'yan ƙalilan.