Call of Duty: Mobile: karawa mai daɗi, amma sai ka gyara saiti

Wasannin farko a Call of Duty: Mobile akwai yaudara a cikinsu. Sabon shiga zai kashe abokan gaba goma sha biyar ya ɗauka ya zama gwani, alhali yawancin waɗanda ya harbe kwamfuta ce ke sarrafa su. Ba su da wuyar ganewa: suna tafiya a miƙe, su tsaya a fili ba sa neman mafaka. Ranar da ka shiga Ranked, wato gasar hawa matsayi, ka haɗu da 'yan Adam, nan ido zai raina fata.

Kamfanin Activision ne ya fitar da wasan a Oktoban 2019, kamfanin TiMi kuma ya ƙera shi. Ƙarfinsa yana cikin karawar biyar da biyar a ƙananan filaye irin su Nuketown, Crash da Firing Range, inda cikin minti goma an tashi. A Domination ana kokawar riƙe wurare uku, A, B da C. Search and Destroy, inda ɓangare ɗaya ke dasa bam ɗayan na hanawa, ya fi sa zuciya dukan uku-uku, domin wanda aka kashe ba ya dawowa sai zagaye na gaba. Akwai kuma Battle Royale na mutum 100, inda wanda ya rage a ƙarshe ke cin wasa, ba laifi, sai dai yawo ya fi harbi yawa.

Kafin komai, bar Simple Mode, wanda bindiga ke tashi da kanta da zarar ta saitu kan mutum. Yana zubar da harsashi, ya kuma tona inda kake tun ba ka shirya ba. Koma Advanced, inda kai ne ke danna harbi da kanka, ka kai maɓallin harbi kusurwar sama ta hagu don manuniya ta riƙa danna shi. Ta haka babban yatsan hagu na tafiya, na dama na auna, ba wanda ya bar aikinsa. Kwanakin farko hannu zai yi ta kuskure, daga baya ya saba.

Ingancin hoto kuwa, sauke shi ƙasa, ka ɗaga saurin hoton. Kyan inuwa ba ya cin wasa. Idan waya ta yi zafi, da kanta take rage gudu, hoto ya fara sarƙewa daidai lokacin arangama, don haka cire mata riga, kada kuma ka buga tana kan caji. Lura da lambar ping a jikin allo, wadda ke nuna jinkirin intanet ɗinka: da ta haura 100, za ka ga ka shige bayan bango amma harsashi ya same ka, saboda saƙon motsinka bai isa sabar, wato babbar kwamfutar wasan, da wuri ba. Wasan yana cin wuri sosai a waya. Sauke filayen da kake bugawa kawai.

A Gunsmith, sashen haɗa bindiga, ana ɗora wa bindiga kayan ƙari har biyar, kusan kowanne da abin da yake ragewa. Dogon baki na ƙara nisan harbi amma yana jinkirta aunawa, a ƙaramin fili kuwa wannan jinkirin ne ajalinka.

Wasan kyauta ne, ba sai ka biya ba za ka yi nasara. Inda aljihu ke ƙonewa shi ne Lucky Draw, juyin gwada sa'a: CP, kuɗin cikin wasa da ake saya da kuɗin gaske, da ake cira yana ƙaruwa a kowane juyi, bindigar da ka ƙwallafa wa rai kuma galibi sai can ƙarshe take fitowa.