Bruker Tracer 5g a aikin gwajin idon zoben gilashi na Rumawa

Babu gidan tarihin da zai yarda a ɓanci ko ƙwayar gero daga idon zoben da ya shekara dubu biyu, shi ya sa ake komawa ga na'urar XRF ta hannu irin wannan. Tana haska abu da eksire, kowane sinadari ya mayar da nasa haske, ta karanta. Ƙarfinta ya kai kV 50, bakin haskenta iri biyu ne, milimita 3 da 8. A sa na 3, domin na 8 yakan haɗa har da zinaren zoben.

Wajen launi ba ta da wasa. Cikin minti ɗaya ko biyu za ta nuna kobalt a shuɗi, jan ƙarfe a kore, manganis a shunayya, antimoni da dalma a rawaya. Tana raba gilashi da dutsen gaske irin aƙiƙ, wanda kusan silika ne zalla. Haka kuma tana tona asirin kwaikwayon ƙarni na 18 irin na James Tassie, ɗan Scotland mai ƙera kwafin idon zobe da gilashi, mai cike da dalma da fotasiyam.

Rauninta yana wajen sodiyam, kuma nan ne gizo ke saƙa. Da kanwar Wadi Natrun ta Masar, mai yawan sodiyam da ƙarancin magnesiyam, Rumawa ke narka yashi, don haka sodiyam da magnesiyam ne ke faɗin asalin haɗin. Ko an zuba mata iskar hiliyam don kada iskar gari ta shanye haskensu mai rauni, hasken waɗannan daga fatar gilashin kaɗai yake fitowa, alhali damshin ƙasa ya daɗe da tsotse sodiyam daga wannan fatar. Sai a ga silika ta yi yawa, sodiyam ya yi kaɗan. Kada a rubuta wannan adadi a matsayin haɗin gilashin.

Wasu layukan da hasken sinadarai ke zanawa a allonta kuma hawa juna suke: dalma a keV (ma'aunin ƙarfin hasken) 10.55 da arsenik a 10.54, kobalt a 6.93 kusa da baƙin ƙarfe a 7.06, antimoni a kan kalsiyam. Wanda ya dogara da lissafin allon na'urar kawai zai ƙirƙiro arsenik inda babu shi.

A fara daidaita ta da gilasan gwaji na Corning A zuwa D, waɗanda aka san ainihin haɗinsu, a ɗora ta kan maƙali, a auna bayan idon inda ya fi shimfiɗa, wuri uku aƙalla. Farin gilashin da haske ba ya ratsawa kuwa sai a haɗa da na'urar Raman mai aiki da hasken leza, ita ce ke gane ƙwayoyin antimonat na kalsiyam masu ba shi wannan farin.