Gidan Amityville: abin da kotu ta tabbatar da abin da fim ya ƙara

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli fim ɗin The Amityville Horror, ka ji ana cewa labarin gaskiya ne, kana tambaya wanne ne ya faru, wanne aka ƙara. Labarin hawa uku ne: kisan da kotu ta tabbatar, kwana 28 da wasu ma'aurata suka ce sun yi cikin ukuba, sai abin da masu fim suka ɗora a kai. Ba maganar samuwar aljanu muke yi ba, wannan daban ne. Maganar ita ce ko wannan labarin ya tsaya da ƙafarsa in aka bincika.

Kisan dai ya faru. Ranar 13 ga Nuwamba 1974, a gida mai lamba 112 kan titin Ocean Avenue, garin Amityville a jihar Niyok ta Amurka, Ronald DeFeo ƙarami, ɗan shekara 23, ya harbe mahaifinsa da mahaifiyarsa da ƙannensa huɗu da bindiga ƙirar Marlin. Autan cikinsu shekararsa 9. An samu gawarwakin a gadajensu kwance rub da ciki, maƙwabta ba su ce sun ji harbi ba, gwajin likitoci kuma bai nuna an ba su maganin barci ba. Wannan shi ne abin da har yau yake ɗaure kai a zancen. Da fari ya ce wani ɗan kisan haya ne ya yi, washegari ya amsa laifinsa. Lauyansa William Weber ya kafa kariya a kan taɓin hankali, cewa muryoyi yake ji, amma likitan ƙwaƙwalwa na masu gabatar da ƙara ya shaida cewa ko da yake yana shan miyagun ƙwayoyi, ya san abin da yake yi. A Nuwamba 1975 aka same shi da laifi, ya mutu yana cikin zaman ɗaurinsa a 2021. Fim ɗin 1979 ya wuce wannan duka cikin mintuna kaɗan na farko, ya bar mai kallo da tunanin gidan ne ya sa shi. Kotu ba ta karɓi haka ba, kuma abin takaici ne a mayar da rayuka shida share fage kawai.

George da Kathy Lutz sun sayi gidan kan dala 80,000, sun san abin da ya faru a ciki. Sun tare a Disamba 1975 da yara uku da karensu, suka fice a Janairu 1976 suka bar kayansu. Nan ma ba jayayya. Jayayyar tana kan abin da suka ce ya kore su, wanda Jay Anson ya mayar littafi a 1977 daga kaset ɗin da suka naɗa na kusan awa 45.

Ɗauki batun limamin Katolika. A fim, Rod Steiger ya fito a matsayin Fada Delaney: ya shiga yi wa gidan addu'a, ƙudaje suka yanyame shi, wata murya ta daka masa tsawa ya fita, daga baya burkin motarsa ya tsinke, ƙarshe ya makance. Ainihin limamin sunansa Ralph Pecoraro, kuma bai makance ba. Maganarsa ma biyu ce: a takardar rantsuwa ya ce ta waya kawai suka yi magana da su Lutz kan lamarin, a wani shirin talabijin kuma ya ce ya shiga gidan ya ji muryar. Shaidar da ta rabu biyu ba a gina hukunci a kanta.

Jan ɗakin da ke ginin ƙarƙashin ƙasa, wanda a fim George ya fasa bango ya tarar, aka ce ƙofar jahannama ce, waɗanda suka zauna a gidan daga baya sun nuna shi: ɗan lungu ne na ajiya a ƙarƙashin matakala, an yi masa jan fenti, kuma ba a ɓoye yake ba. Babbar ƙofar da aka ce wani ƙarfi ya tumɓuke cikin dare, su ma sun ce ƙarafanta da makullanta na asali suna nan lafiya. Littafin ya ce ranar 1 ga Janairu 1976 an ga sawun kofato a kan dusar ƙanƙara, masu bincike suka duba rajistar yanayi suka ga ba a yi dusar ba a lokacin. Ya ce 'yan sanda sun zo, rajistarsu ba ta nuna an kira su ba. Zancen cewa ƙabilar Shinnecock tana yasar da mahaukata da masu jiran mutuwa a filin, shugabannin ƙabilun yankin sun ƙaryata.

Akwai kuma abin da ba ya gwaduwa: farkawar George ƙarfe 3:15 na dare, sanyin da ya hana shi barin bakin murhu, da alade mai jajayen idanu mai suna Jodie da 'yar su Lutz ta ce ƙawarta ce. Waɗannan maganar mutanen gidan ce kaɗai. Faɗawar George cikin ramin baƙin ruwa a daren ƙarshe yana ƙoƙarin ceto kare kuwa, aikin masu fim ne.

Abin da ya fi raunata labarin daga cikin gida ya fito. Weber, lauyan DeFeo, ya zauna da su Lutz kan shirin rubuta littafi, suka ɓata, suka kai ga kotu. A 1979 ya gaya wa mujallar People cewa tare suka ƙirƙiri labarin suna shan giya. Alƙalin da ya saurari shari'ar, Jack Weinstein, ma ya ce a ganinsa yawancin littafin ƙagaggen labari ne da ya dogara da shawarwarin Weber. Sai dai a yi adalci: Weber yana da tasa buƙatar a rigimar, su Lutz kuma sun ci gwajin na'urar gano ƙarya, ba su janye maganarsu ba har Kathy ta rasu a 2004, George a 2006. Na'urar ba hujja ce mai ƙarfi ba, domin bugun zuciya da numfashi da gumi take aunawa. A nawa ganin, mai yiwuwa sun tsorata da gaske, kwana a gidan da aka kashe mutum shida ba wasa ba ne, sannan labarin ya yi ta kumbura da kuɗi suka shigo.

In kuma sabon fim na 2005 ka kalla, wanda Ryan Reynolds ya fito, ya fi nisa da gaskiya. An mayar da Jodie wata ƙanwar DeFeo da babu ita a duniya, aka sa George ya kashe karensu da gatari. George da kansa ya yi tir da shi, ya kai ƙara.

Gidan da ka gani a fim ɗin 1979 ma ba shi ba ne. Hukumar Amityville ta hana ɗauka, sai aka gyara wani gida a Toms River ta jihar New Jersey. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 86. Ainihin gidan kuwa Jim da Barbara Cromarty suka saya a 1977 kan dala 55,000, suka yi shekara goma a ciki, suka ce ba abin da ya dame su sai 'yan kallo da ke tururuwa dare da rana. Saboda su aka sauya lambar gidan zuwa 108, daga baya aka cire tagogin nan biyu na sama masu kama da idanu aka sa masu kusurwa huɗu.