Kafin Ka Sayi Kayan Haɗa Ƙaramin Jirgin Ceto Mai Tururi

Jirage shida kacal masu aiki da tururi ƙungiyar ceton rayuka a teku ta Birtaniya, wato RNLI, ta sa aka ƙera don aikin ceto, daga 1889 zuwa 1901. Bayan su injin fetur ya karɓe fage. Ƙarancin nan shi ke jan hankalin masu haɗa ƙananan jirage na kwaikwayon manya, kuma shi ne ke wahalar da mai saye. Akasarin kayan haɗin da ke kasuwa na jiragen zamani ne, irin su Severn na kamfanin Airfix mai sikelin 1:72 (wato kowane santimita 72 na babban jirgin ya koma santimita ɗaya a ƙaramin), wanda jirgin dizal ne, ba ruwansa da kwal ko tukunyar dafa ruwan tururi. Wanda ya ƙwallafa rai a kan mai tururi sai ya shirya tattara kayansa ɗaiɗai, kuma a nan ne kuɗi ke zurarewa idan ba a yi lissafi tun farko ba.

Fara da tambayar wane jirgi, domin iri biyu ne, kuma bambancinsu a ƙarƙashin ruwa yake. Na farko, Duke of Northumberland, kamfanin R. & H. Green na Blackwall a Landan ne ya ƙera shi a 1889, ya fara aiki a Harwich a 1890. Ba shi da farfela ko ɗaya. Injinsa famfo yake juyawa, famfon ya zuƙo ruwa ta ƙasa ya feso shi ta gefe, ƙarfin feshin ya tura jirgin. An yi haka ne saboda igiyoyi da tarkacen jirgin da ya karye kan naɗe farfela a daidai lokacin da ake neman ceton rai. Da wannan jirgi ne William Owen, shugaban matuƙansa, da mutanensa na tashar ceto ta Holyhead suka ceto mutum 9 daga jirgin Harold a watan Fabrairu 1908, aikin da ya sa aka ba shi lambar zinariya ta RNLI. City of Glasgow na 1894 da Queen na 1897 su ma masu feshin ruwa ne. Iri na biyu masu farfela ne da J. Samuel White ya ƙera a Cowes: James Stevens No. 3 na 1898, da No. 4 na 1899 wanda ya kife a Padstow ranar 11 ga Afrilu 1900 ya tafi da rayuka 8, sai City of Glasgow na biyu a 1901.

Zuciyata tana wajen Duke of Northumberland, amma ba zan ce wa sabon shiga ya fara da shi ba in dai a ruwa zai tuƙa shi. Famfunan feshi da ake sayarwa an yi su ne don jiragen gudu, suna harba ruwa ta baya. Kafin ka karkatar da ruwan ya fita ta gefe kamar na asali sai ka lanƙwasa bututu ka ƙera bawul da hannunka, kuma kowane lanƙwasa yana cin ƙarfin feshin. Wasu kan ɓoye 'yar farfela a ƙasa su bar bakin feshin a matsayin ado. Yana tafiya, sai dai an cire wa jirgin abin da ya sa ake tuna shi. James Stevens No. 3 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: farfela ɗaya, sandar juya ta ɗaya, kuma ya yi aiki har 1928 a tashoshi da dama, ciki har da Grimsby da Angle da Dover da Holyhead. Ka zaɓi tasha ɗaya da zamani ɗaya ka bi hotunansu, don jirgin da ya daɗe haka kamanninsa kan sauya.

Sai sikeli, kuma nan ne ya kamata a daɗe ana tunani. Duke of Northumberland ƙafa 50 ne. A sikelin 1:48 zai zo kusan santimita 32, a 1:24 kusan 64, a 1:16 kusan 95, a 1:12 kuwa 127. James Stevens No. 3 ƙafa 56 da rabi ne, wato kusan santimita 72 a 1:24, da kusan 108 a 1:16. Abin da mutane ke mantawa shi ne nauyin da jirgi ke iya ɗauka ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsayinsa. Idan ka ninka tsayi sau biyu, nauyin da zai ɗauka ya ninku sau takwas. Na 1:16 yana ɗaukar fiye da ninki uku na abin da na 1:24 ke ɗauka. Na ga wannan da idona ranar da na sa wani ƙaramin jirgi da na haɗa cikin baho: na yi masa bututun hayaƙi da tagulla mai kauri don ya yi kyau, ina sakin hannu ya kwanta gefe ɗaya, ruwa ya taɓo bakin bene. Sai da na cire bututun na maye shi da na alminiyam mara kauri, na jera dalma a can ƙasan ciki, sannan ya miƙe. Don ajiyewa a kan kanta, 1:48 ya isa. Don ruwa da batir, 1:24 zai yi. Idan kana mafarkin tururi na gaske, ni ba zan sauko ƙasa da 1:16 ba.

Gangar jikin jirgin hanya uku ce. Akwai wadda aka zuba da faiba, idan ka dace da mai yin ta a fasalin jirgin da kake so. Tana rage aikin watanni, ba ta tsoron ruwa, amma kuɗin aiko ta daga Turai kan yi nauyi saboda girman kwalin, ga kuma kwastan. Akwai jera siraran katako bisa haƙarƙari, wadda ita ce mafi araha ga mai haƙuri, kuma zane kawai za ka saya. Ga wanda ke zaune inda hunturu ke busar da komai, a bar katakon ya sha iskar ɗakin kafin a yanka, a kuma shafe shi ciki da waje da gam ɗin efoksi da siririn ƙyallen faiba, in ba haka ba zai buɗe a gaɓoɓinsa. Ta uku ita ce ƙera shi da fallen ƙarfe, tunda na asalin ma da ƙarfe aka yi su. Wannan aikin gwanaye ne.

Ko wacce ka ɗauka, kada ka biya kuɗin zanen da ke nuna jirgin ta gefe da ta sama kawai. Tambayi mai sayarwa ko akwai layukan da ke nuna fasalin cikin jirgin yanka-yanka daga goshi zuwa baya, domin da su ake fitar da haƙarƙari. Zanen da ba shi da su hoton bango ne. Tsofaffin fitowar mujallar RNLI suna nan a intanet, kuma suna da bayanin waɗannan jirage tun daga zamaninsu.

Yanzu batun abin da zai motsa shi. Motar lantarki da batir da rimot mai 2.4GHz ita ce mafi sauƙi da araha. Zaɓi mota mai juyawa a hankali, don waɗannan jirage gudunsu bai kai mil 12 a awa ba, kuma ƙaramin da ke tsala gudu kamar kwalekwalen tsere ya ɓata kamannin. Akwai 'yar na'urar da ke fitar da farin hayaƙi ta bututu, wadda ke ƙara masa rai.

Tururi na gaske wata duniya ce. Ƙamshin mai, da hucin inji, da farin tururi bisa ruwa da sassafe, babu batirin da zai ba ka su. Kamfanoni irin su Stuart Models na Ingila da Saito na Japan da Regner na Jamus sun yi suna a wannan fanni. Ƙaramin inji mai silinda biyu ya fi dacewa da jirgi, domin yana iya tashi da kansa ya kuma koma baya da rimot, alhali mai silinda ɗaya kan tsaya cak a tsakiyar ruwa sai an juya shi da hannu. Tukunyar kuwa ba wurin neman rangwame ba ce. Ta zama ta jan ƙarfe, an like ta da azurfa, ba da dalmar gyaran rediyo ba, wadda ke narkewa idan ruwa ya ƙare wuta na ci. Ta zo da bawul mai sakin tururi in ya yi yawa, da agogon awon matsi, da gilashin ganin ruwa, da takardar shaidar an gwada ta. Mai sayar da tsohuwar tukunya da ya kasa nuna takardar, a bar masa kayarsa. Ko babban jirgin bai tsira ba: a 1901 fashewa a ɗakin tukunyar Duke of Northumberland ta kashe masu hura wutar tukunya biyu a Holyhead. Ka kuma bincika ko ana samun gwangwanin gas ɗin da murhun tukunyar ke sha a garinku, domin ba kasafai ake aiko shi ta jirgin sama ba. Haka ma man silinda na musamman da tataccen ruwa, tunda ruwan rijiya kan bar farin dasashi a cikin tukunya.

Da ni ne ke farawa yau, James Stevens No. 3 zan ɗauka a 1:16, in sayi zane mai kyau kafin komai, in jera gangar da katako, in sa motar lantarki. Sai in yi benen tsakiya mai ɗagawa, faɗinsa ya isa tukunya ta shige, in kuma rubuta nauyin dalmar da na zuba a ciki. Wannan nauyin, haɗe da na batir da mota, shi ne iyakar abin da tukunya da inji da gas za su auna ranar da na tashi sayen su.